Ƙyauren Da Na Sa Anka Cire

Zuwa ga Mai sunan Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah wagga takarda ta iske ka ka sauka Isa lafiya, motarku ba ta gamu da kowa a hanya ba sai masu alheri. Allah shi tsare gabanka da bayanka, shi sa ka shiga garin da ƙafar dama, shi haɗa ka da maƙwabta masu tsoronsa. Za ni sa ta ƙarƙashin rigunanka, don na san ba ka taɓa ƙasan jaka sai ka isa inda za ka.

Ka san ni ba mai magana ba ce, balle da kai. Kai ne ɗan fari, ko sunanka bakina bai taɓa kamawa ba. Tun kana ƙarami in ina da magana da kai sai in aiko ƙannenka, ko in ƙara maka nama a miya ka gane da kanka. To wagga maganar ba ta aikuwa, kuma idona ba zai iya kallon naka in faɗe ta ba. Shi ya sa na ari biron ƙanwarka.

Shekaranjiya bayan la'asar na kawo muku fura zaure, kai da abokinka. Na tsaya bayan asabari ina jiran ku numfasa in yi sallama. Sai na ji kana gaya masa cewa babban ɗakin gidan babanku na Isa kake son sa Safiya in an ɗaura muku aure, amma tsohuwa Tumba, mutuniyar Tozai, tana ciki da jikokinta uku, ka yi mata magana sau biyu ta ce ba ta da wurin zuwa. Ya yi dariya ya ce, “Kai ma dai! Minene abin wahala nan? Tana da takarda?” Ka ce ba ta da ita. Ya ce, “Tana biyan haya?” Ka ce ba wata haya, ɗan wake ne take aikowa duk kaka. Ya ce, “To samo kafinta shi ɗebe ƙyauren. Kwana biyu cikin ruwan ga, da ƙahwarta za ta hita.” Na yi ta roƙon Allah a zuciyata ka tsawata masa. Sai na ji ka ce, “Haka ne kuma fa.”

Furar da kunka sha rannan ƙanwarka ce ta kai muku. Ni na koma ɗaki.

Mai sunan Malam, ni na taɓa sawa anka cire wa mutane ƙyaure. Ba ka sani ba, lokacin kana makarantar kwana a Sakkwato, kuma babanku, Allah shi jiƙansa, ya tafi da maganar a cikinsa bai gaya wa kowa ba. Za ni faɗa maka ita yadda take, ba za ni gyara kaina ba.

Shekarar da mutanen ƙauyuka sunka fara kwararowa Sabon Birni saboda mutanen daji, wata safiya na leƙa ƙofar gida na ga wata yarinya zaune gindin dogon yaro da ƙunshin kaya da tukunya ɗaya. Mijinta na tsaye kanta, ya cire malfarsa yana tare mata rana da ita. Sunansa Isiyaku, ita Kulu, daga Tsamaye. Lallen aure bai gama fita daga ƙafarta ba. Babanku na cikin gida yana ɗaure kayan da zai kai Maraɗi. Na ce masa ɗakin da ke manne da nawa ba kowa ciki sai buhunan wofi. Ya ce, “Jikin ɗakinki yake, ke za ki zauna da su. In zuciyarki ta ba ki, ba su.” Na ba su.

Da sunka share ɗakin Isiyaku ya zo ya durƙusa bakin ƙofata ya ce, “Inna, mi za mu riƙa badawa?” Kunya ta kama ni. Yaya za ni dubi wanda ya baro gidansa da tukunya ɗaya in yanka masa haya? Na ce, “Haba, wane badawa? Ku dai shiga.” A ranar har daɗin kaina na ji, na ɗauka na yi abin kirki. Kuskurena na farko ke nan. Ban ce aro ba, ban ce haya ba, ban ce zuwa yaushe ba, ban kira kowa ya zama shaida ba. Shi ya tafi da tasa fahimtar, ni na zauna da tawa. Ka ji ni da kyau: duk wanda za ka sa a ɗaki, ko ɗan'uwanka ne, ku zauna gaban mutum biyu a faɗi komai a fili, a rubuta, kowa ya riƙe tasa takardar. Kunyar minti ɗaya ce. Wadda na guje wa a ranar ta dawo ta same ni gaban jama'a.

Da kaka ta yi sai ga Isiyaku da dami biyu na gero bisa jaki. Yana zuwa gonarsa ta Tsamaye da sassafe ya dawo kafin la'asar, yana noma da kunne ɗaya a daji. Ya sauke ya ce, “Ga na ɗaki, Inna.” Na ce Allah shi yi albarka. A zuciyata godiya ce irin ta mutanen ƙauye. Kaka ta biyu ma haka. Munka sussuke, munka ci.

Zaman namu kuwa ya yi daɗi. Kulu ce ke yi mini kitso, hannunta ba zafi. In Isiyaku ya dawo gona ba ya shigowa hannu wofi, ko ƙwan zabo biyu ne a aljihu, ko ɗan furen da ya tsinko a hanya, sai ya aje mata bakin ƙofa ya wuce kamar ba shi ya aje ba. Ita kuma ta ɗauka tana murmushi tana kallon ƙasa. Ni ina tsakar gida ina gani. Babanku kuwa wata biyu, wata uku yana hanya. Ba za ni ɓoye maka ba, akwai ranakun da abin ke ɗan sosa mini zuciya. Ban san ko wannan ya taimaka wa abin da ya biyo baya ba. Allah ya sani.

Damina ta uku Kulu ta haihu, namiji. Danginta sun watse, ba uwa ba gwaggo da za ta zo ta zauna mata. Unguwarzoma ta yi mata kwana bakwai ta tafi. Daga nan Isiyaku ne ke faskaren ice, shi ke ɗebo ruwa, shi ke hura wuta ƙarƙashin babbar tukunya, matan unguwa na yi masa dariya yana yi. Safe da yamma take wankan jego, a ɗan lungun da ke bayan ɗakunanmu. Lungun nan yana da rariya a jikin katanga, amma ta daɗe da toshewa, tun da ba mai wanka a wurin. Ruwan zafi ya riƙa kwanciya gindin bangon ɗakina, ga marka ta sauka, sama ba ta ɗagawa.

Ka san ɗakina. Babanku ne ya gina shi da hannunsa kafin a kawo ni, shi ya yi yaɓen ciki, har yau akwai sawun yatsunsa inda ya ja zane kusa da taga. Sai na ga danshi yana hawa bangon kamar mai rarrafe. Wata safiya dunƙulen ƙasa ya faɗo bayan jeren kwanonina. Duk wanda ya faɗo ji nake kamar a jikin babanku anka ɓantaro shi.

Abin da ya kamata in yi taku biyar ne: in je in ce, Kulu, ruwanki na cin bangona, bari mu san yadda za a yi. Ban yi ba. Sai na koma habaici. In ina watsa wa kaji tsaba in ɗaga murya in ce, “Ku ci, ku kam kun san gidan mutane.” Rannan ta fito da ɗanta a kafaɗa, fuskarta ta yi jajir saboda ruwan zafi, ta ce, “Inna, ko na yi wani laihi?” Na ce, “Ba komai.” Kalmar nan ta ba komai, da ita na rusa zaman shekara biyu da rabi. Kai ka gado ni wurin shiru, na sani, shi ya sa nake tsoro. In ɗan haya ya yi abin da ba ka so, faɗa masa tun abin yana ƙarami, da bakinka, da murya mai sanyi. Kuma kafin ka ga laifinsa ka duba naka. Rariya, da rufi, da bango, da masai, gyaransu na mai gida ne. Ruwan Kulu ba shi da laifi. Rariyata ce ta toshe.

Ana nan sai ga Gwaggonku Ige, yayar babanku, ta zo gaisuwa. Ta shiga ɗakina ta ga bangon ta dafe ƙirji.

“La'ilaha illallahu! Balki, gidan ga naku ne ko na Tsamayawa? Ƙanena na can yana shan rana hanyar Maraɗi, ke kin zauna baƙi na narka mishi gida awa gishiri?”

Na ce, “Jego take, Yaya.”

“Jego! Mu ba mu yi jegon ba? Ta kai shi gidan ubanta. Ke dai tun kina amarya haka kike, a taka ki ki ce sannu. In ba ki iyawa ni in gaya musu.”

Na ce ta gaya musu. Daga inda nake zaune na ji ta tana cewa an ba su kwana uku. Da yamma Isiyaku ya zo bakin ƙofata ya durƙusa, inda ya durƙusa ranar farko, ya ce, “Inna, don Allah a bari ta yi arba'in. Saura kwana goma sha tara. Ranar da ta gama, ko bakin kasuwa ne mu koma.” Ina bayan labule. Wallahi zuciyata ta ce in ce to. Amma Gwaggonku na zaune bakin gadona tana kallona, sai na ji kunyar ta ga na janye. Na ce, “An riga an yi magana.”

Dubi abin da na yi. Na ji kunyar mai ba ni shawara, ban ji kunyar Allah ba. Mai zuga ka gidansa zai koma ya yi barcinsa, kai za a bari da abin. Abokin nan naka ba shi zai ɗauki alhakin jikokin Tumba ba. Kuma kada ka taɓa aika wani ya tashi ɗan haya a madadinka. In ba ka iya kallon idon mutum ka faɗa masa magana, to maganar ce ba ta da kyau.

Kwana uku sunka cika ba su tashi ba, don ba su da inda za su. Rana ta huɗu da hantsi, Isiyaku na gona, Gwaggonku ta zo da kafinta. Ta ce haka masu gidaje ke yi, ba duka ba zagi, ɗaki dai naka ne ka ɗauki ƙyaurenka. Na tsaya tsakar gida ban ce a yi ba, ban ce a bari ba, sai da kafintan ya dube ni ya ce, “Mai gida, a cire?” Na gyaɗa kai.

Kulu na zaune bakin gado tana ba ɗanta nono. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ja mayafinta ta rufe kan jinjirin saboda ƙasar da ke zubowa, ta dubi kafintan ta ce, “Sannu da aiki.” Har gobe in na ji wani ya ce sannu da aiki sai gabana ya faɗi. Ya zare ƙusoshi, ya ɗauko ƙyauren ya ce ina zai aje. Anka jingine shi a ɗakina.

Kwana huɗu ya yi a nan. Ruwa na zuwa da iska daga gabas, ƙofarsu kuwa gabas take kallo. Isiyaku ya rataya tabarma da buhu, iska na ɗaga su. Mace mai jego, wadda ake hana ta ko shan ruwan sanyi. Rana ta biyu na fara jin tarin jinjirin ta cikin bango, ƙaramin tari kamar na ɗan akuya. Ina ji, ƙyauren na gabana, hannu biyu kawai yake bukata. Ban tashi ba. Na riga na yi nisa, ina ganin in na mayar na zama abin dariya.

Isiyaku ya kai kuka wurin mai unguwa. Mai unguwa ya aiko, Gwaggonku ta ce a gaya masa gidanmu ne. Sai ga sammaci daga kotu. Ni da ban taɓa taka ko ƙofar wurin ba. Kawunka Sani ya raka ni, ina tafe ina jin kamar garin duka ni yake kallo.

Alƙalin dattijo ne mai tabarau, muryarsa ƙasa ƙasa. Ya ce, “Malama Balkisu, gidan naku ne?”

Na ce, “Namu ne, Allah shi gafarta Malam.”

“Ba wanda ya ce ba naku ba ne. Aro kinka ba su ko haya?”

“Aro.”

Ya juya wurin Isiyaku. Isiyaku ya ce shi dai duk kaka yana kai dami biyu. Alƙali ya dawo kaina.

“Kin karɓa?”

“Na karɓa, amma na ɗauka godiya ce.”

“Da ya kawo, mi ya ce?”

“Ya ce ga na ɗaki.”

“Kin mayar mishi?”

“A'a.”

“Geron yana ina yanzu?”

Na ce, “Mun ci.”

Mutane sunka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya ce, “To Malama, haya kinka ci.” Ya yi mini bayani a hankali kamar mai koya wa yaro karatu. Ya ce haya ba lalle sai kuɗi ba, abin da anka kawo da sunan ɗaki duk shekara kuma anka karɓa, ya zama hayar shekara. Ya ce mai hayar shekara, in ba wata yarjejeniya kunka yi daban ba, wata shida ake ba shi a rubuce. In sun cika bai tashi ba a sake ba shi takardar kwana bakwai. In bai tashi ba a zo kotu, kuma kotu ce ke fitar da mutum, ba kafinta ba. Ya ce, “Ko da bai taɓa ba ki ƙwayar gero ba, ba ki da ikon ɗebe ƙyaure mutum na ciki. Gida naki ne, amma muddin yana ɗakin, ɗakin suturarsa ce.”

Sai ya tambayi Isiyaku kwana nawa da haihuwar. Ya ce yau ashirin da tara. Alƙali ya cire tabarau ya dube ni.

“Ke kin taɓa jego?”

Na ce, “Sau biyar.”

Bai ƙara cewa komai a kai ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce a mayar da ƙyaure kafin la'asar, anka mayar.

Ka ga dai doka ta ba su wata shida. Kwana goma sha biyu kawai sunka ci. Washegarin arba'in Kulu ta share ɗakin tas, ta ɗaure ƙunshinta, ta goya ɗanta. Ta zo bakin ƙofata ta durƙusa ta ce, “Inna, mun gode da zama. A yahe muna ruwan da munka zuba.” Ina jin numfashin yaron daga inda nake, yana fita da ƙara. Hularsa kaɗai na gani. Bakina ya cika da magana, ina son in ce ni ce mai neman gafara, ku zauna, ku zauna har ya yi wayo. Abin da ya fito shi ne, “Allah shi kiyaye hanya.” Wannan shi ne kuskuren da ya fi ci mini rai, don sauran na yi su cikin fushi da zuga, wannan kuwa na riga na san gaskiya. Kotu ta iya mayar da ƙyaure, amma neman gafara ba ta iya yi mini shi. In ka cuci mutum, ka roƙe shi tun yana gabanka. Mutanen da anka raba da garinsu ba su da inda za a je a same su daga baya.

Bayan 'yan kwanaki babanku ya dawo. Ya kawo mini turare da atamfa kamar kullum. Na gaya masa komai kafin wani ya riga ni. Yana riƙe da kofin shayi, ya aje shi, ya zagaya lungu ya duba. Ya ɗauki fartanya ya tone rariyar, ya zura sanda. Ruwan da ya kwanta ya bi ya fice titi. Da ya dawo shayinsa bai gama hucewa ba. Ya dube ni ya ce, “Wanga ne dut, Balki?”

Bai yi mini faɗa ba, ka san halinsa. Amma akwai sunan da shi kaɗai ke kirana da shi in muna mu biyu, ya fi shekara ban ji shi a bakinsa ba. Sau biyu ya tafi Tsamaye nemansu, ya tarar da unguwarsu ba kowa. Duk tafiyar da ya yi ƙetare yana tambaya. Wani ya ce an gan su wajen Isa, wani ya ce sun haura Nijar. Har ya koma ga Allah ba mu ji labarinsu ba. Ban san ko yaron ya rayu ba. Ban san ko ƙyauren ne ya sa masa tarin ba, ko dama zai yi. Da na san ya mutu da na yi kukana na roƙi gafara, da na san yana raye da na huta. Ba ni da ko ɗaya.

Bayan wannan ne babanku ya sa tsohuwa Tumba a gidan Isa. Bai gaya mini dalili ba, ban tambaya ba, amma na sani. Abin da na ji shi ne, bai ba ta ɗakin ba sai da ya kira mai unguwar wurin sunka zauna su uku. To kafin ka ce ba ta da takarda, je ka gaida mai unguwar nan ka tambaye shi abin da babanka ya faɗa a gabansa. Kuma waken da take aikowa, wanda kai ma ka ci alalensa, ka tuna da gerona.

Ban ce gidan ba naku ba ne. Ban ce kada ka zauna da matarka a ɗakin ubanka ba, wa zai fi ni son ganin haka? Abin da nake cewa, ka bi ta ƙofa. Je ka ofishin kotu ka tambayi yadda dokar take a yau, don ni abin da dattijon nan ya gaya mini kawai na riƙe, kuma an ce kowace jiha da tata. In sun ce wata shida, ba ta wata shida cikakku, kada ka ƙirga mata daga ranar da ka fara yi mata magana da baki. A rubuta, ka kai da kanka, ka cire takalmi, ka gaishe ta kamar yadda za ka gaida kakarka, a karanta mata gaban mai unguwa tun da ba ta karatu. Cikin watannin nan kada ka rufe mata rijiya, kada ka kulle masai, kada ka ɗaga kwanon rufi ko ɗaya da sunan gyara, duk ƙannen cire ƙyaure ne. Ka taya ta neman wani ɗakin da ƙafarka, kai namiji ne, za a saurare ka inda ba za a saurare ta ba. Kai kuma ƙaramin ɗakin zaure ya ishe ka kafin nan.

Na san abin da ke ranka: Safiya, da ranar da anka sa. Shi ya sa jiya da hantsi na yi abin da ban taɓa zaton za ni iya ba. Na yafa mayafi na tafi gidansu. Na ce wa innarta a ɗaura aure ranar da anka sa, amma ina roƙon a jinkirta tarewa har wa'adin tsohuwa ya cika. Ban ɓoye mata dalili ba. Ta ɓata rai ta ce, “Haba Balkisu, mutane su ce mi? An ɗaura wa ɗiya aure an bar ta gida tana tankaɗe?” Sai munka ji murya daga bayan ƙofa, can ƙasa, kamar mai magana da kanta: “Inna, ni ba ni son ɗakin da anka hidda tsohuwa cikin ruwa. Za ni jira.” Innarta ta ce, “Ke! Wa ya sa bakinki, marar kunya? Tun ba a kai ki ba kin fara zaɓen ɗaki?” Munka ji gudunta zuwa cikin gida. Innarta ta yi dariya har da hawaye, ni nawa hawayen ba na dariya ba ne. Ta ce za ta yi magana da babanta. Ka yi dace da yarinyar nan, Mai sunan Malam. Kada ka sa ta fara zama da kai a kan kukan wasu.

Saura abu ɗaya. Gidan Isa ba a raba shi ba tukuna, kuma ina da tumunin takaba a cikinsa. Ban taɓa tambayarsa ba, na bar muku. Yau na aika wa Kawunka Sani cewa ina son abina, kuma in an zo rabo a fitar mini da shi ta wajen ɗakin da Tumba take. Na san ba zai kai ɗakin duka ba. Amma zai kai ƙyauren. In ka kira kafinta, ka sani na uwarka zai cire.

Ka yi fushi da ni in ka so, na shiga maganar da ba a sa ni ba, na kuma je gidan surukanka ba da saninka ba. Na yarda. Ba sai ka rubuto mini amsa ba, na san kai ma ba ka iya magana da ni. Duk ranar kasuwar Isa mutanen unguwarmu na zuwa. Ba za ni tambaye su ko ka yi ƙiba ko ka rame ba. Abu ɗaya za ni ce su dubo mini, ko ɗakin tsohuwa yana rufuwa.

Allah shi tsare ka a hanya da masauki, shi kare ka daga mugun ji da mugun gani da muguwar shawara. Allah shi sa kada hannunka ya zama sanadin kukan wani. Shi jiƙan babanku, shi yafe mini, shi mayar da duk wanda anka raba da gidansa gida lafiya. Ka riƙe salla, ka riƙa cin abinci kan lokaci. Ƙannenka na gaishe ka.

Wassalamu alaikum.

Innarku,
Balkisu, Sabon Birni